Fentin mai na Artisan a hannun uwa mai goyo: abin da ya iya da inda ya gaza

Macen da ta koyi zane da fentin mai, a Zariya ne ko a Jami'ar Jos ko a gaban wani gwani a unguwa, takan fara samun matsala da sana'arta tun ciki yana ƙarami. Abin da ke korar ta yawanci shi ne ruwan da ake tsinka fentin da shi: tafentayin ga mai hali, tina ko kananzir ga saura, wasu ma da fetur suke wanke burushi. Mai laulayi ba ta jure wannan wari, kuma bayan haihuwa babu uwar da hankalinta zai kwanta ta buɗe kwalbar tina a ɗakin da jaririnta ke barci. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa, kusan kullum guda biyu: ki ajiye burushi har yara su yi wayo, ko ki koma akirilik, fentin ruwa mai saurin bushewa. Ta farko ita ta raba mu da mata masu zane da dama, domin hannun da ya yi shekaru bai riƙe burushi ba yakan dawo da nauyi, mai shi kuma ta riga ta daina kiran kanta mai zane. Ta biyu tana da nata amfani, za mu zo kanta. Wannan sharhi a kan hanya ta uku ne, wato fentin Artisan na kamfanin Winsor & Newton na Ingila, fentin mai da ke karɓar ruwa.

Ra'ayinmu shi ne ya cancanci kuɗinsa ga uwar da hannunta ya saba da fentin mai kuma ba ta da ɗakin aiki na daban a gidan. Sai dai jin an ce yana haɗuwa da ruwa yakan sa mutane su ɗauka cewa ba shi da haɗari ga yaro, kuma ana iya kwarara masa ruwa yadda aka ga dama. Duka biyun kuskure ne, kuma daga su ne yawancin ƙorafin da ake yi a kansa ke fitowa.

Babu ruwa ko ɗigo a cikin bututun. Garin launi ne aka niƙa da man linsid ko man safulawa kamar kowane fentin mai, sai dai an sarrafa man yadda zai yarda ya gauraya da ruwa maimakon ya guje shi. Launuka 40 ne a jerin, a bututu mai mililita 37, akwai kuma babba mai mililita 200. Bushewarsa hawa biyu ce: ruwan da kika sa ya fara tashi, sannan man ya riƙa shan iska a hankali har ya ƙanƙame. Kamfanin ya ce siririn shafi yana bushewa ga taɓawa tsakanin kwana 2 zuwa 12, gwargwadon launin. Warin man linsid yana nan, mai sauƙi ne, ba ya hawa kai, amma wadda hancinta ya yi tsini saboda ciki za ta ji shi.

Babban abin da ya yi wa uwa shi ne fitar da kananzir da tina daga ɗakin baki ɗaya. Wannan ya wuce maganar wari. Shan kananzir yana cikin gubar da aka fi kai ƙananan yara asibiti a kanta a Najeriya, kuma hanyar kusan ɗaya ce: an zuba shi a kwalbar lemo ko robar ruwa, an ajiye a ƙasa, mai rarrafe ko mai tatata ya ɗauka ya kurɓa. Mai zane da fentin mai na gargajiya tana da irin wannan kwalba a buɗe kusa da ƙafarta duk lokacin da take aiki, wani lokaci har biyu. Haɗarin kananzir a huhu yake, shi ya sa idan abin ya faru ba a sa yaro amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke tura shi cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a tafi asibiti kai tsaye. Fentin da ya raba gida da wannan kwalba ya riga ya biya rabin kuɗinsa.

To amma garin launin da ke ciki bai canja ba. A jerin Artisan akwai launuka masu kadmiyam na gaske da kobalt na gaske, kuma waɗannan ƙarafa ne da ba a son su shiga cikin kowa, balle jariri. Hanyar kauce musu mai sauƙi ce: ki duba sunan launi a jikin bututu, idan ya ƙare da kalmar Hue, kamar Cadmium Red Hue ko Cobalt Blue Hue, to kwaikwayon launin ne da wasu sinadarai, babu ƙarfen a ciki. Sun fi arha kuma, domin a jerin farashin kamfanin suna rukuni na 1, na gasken suna rukuni na 2. Ba su kai na gaske rufe ƙasa ba, ja da rawaya musamman sukan nemi shafi na biyu, amma a gidan da ake da mai sa komai a baki wannan ƙaramar asara ce. Fararen jerin guda biyu ne, na titaniyam da na zink, babu farin dalma a cikinsu. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san darajar wannan. Idan wata ta gaji tsofaffin bututu daga malami ko 'yar'uwa ta ga an rubuta Flake White ko Cremnitz White, ta fitar da su daga gidan yara.

Ruwan wankin burushi shi ne abin da aka fi sakaci da shi, tunda ba ya wari. Idan aka wanke farin fenti a ciki sai ya koma tamkar madara, kuma yaro ɗan wata goma sha biyar ba shi da hanyar bambancewa. Kada ki yi amfani da kofin sha ko wani kwanon kicin. Ki samu kwalabe biyu masu faɗin baki da murfin murɗawa, kowace ta ɗauki kamar rabin lita, ɗaya ta wankin farko ɗaya ta ɗauraya, ki ɗora su a kan teburi can ciki, ki murɗe murfin duk lokacin da za ki tashi ko na minti ɗaya ne. Idan kin gama, kada a watsa ruwan a tsakar gida inda yara ke wasa kaji ke kiwo. A bar shi ya kwana a rufe, launin zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama a masai, a goge laka da takarda a ƙulle a leda. Tsumman da ya sha man linsid kuma yana da nasa haɗari, na Artisan ma haka: idan aka dunƙule shi aka cusa a kwando yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe a waje, ko a nutsa shi a gwangwanin ruwa mai murfi.

Yanzu ga dalilin da ya sa muke fifita shi a kan akirilik ga mai goyo, kuma dalilin lokaci ne. Lokacin uwa a gutsure yake zuwa: minti arba'in na barcin hantsi, rabin sa'a bayan azahar, wani ɗan lokaci bayan isha idan akwai wuta. Kuma kowane daga cikinsu yana iya yankewa ba sallama. Akirilik ba ya yafe wannan. A hunturun Jos, da iska ta bushe, abin da kika matsa a faranti yana yin fata cikin 'yan mintuna, launin fatar mutum ko na sararin sama da kika ɓata lokaci kina haɗawa ya tafi, burushin da kika ajiye kika ruga wurin mai kuka ya sandare ya zama na yarwa. Da Artisan kina iya barin komai yadda yake, ki shayar, ki canja nafkin, ki ɗora tukunya, ki dawo bayan sa'a uku ki tarar da gefen girgijen da kika bari yana jiran ki narkar da shi cikin shuɗin da ke kusa. Burushi ma ba ya mutuwa don ya wuni da fenti a jikinsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Wadda aka horar a fentin mai tana tunani ne da launin da ke narkewa cikin ɗan'uwansa, da gyaran da ake yi a jiƙe, da siririn shafi mai haske da ake ɗorawa a kan busasshe. Idan aka tilasta mata akirilik, zanenta kan fito da kaifin gefe da faɗin launi irin wanda ba nata ba, ta duba ta ga kamar aikin wata. Wasu sun sami sabon salo ta nan sun ji daɗinsa, kuma babu laifi. Amma da yawa sukan ɗauka haihuwa ce ta tafi da baiwarsu, alhali kayan aiki ne aka canja musu. Abin takaici ne mace ta yanke wa kanta wannan hukunci a kan abin da bututun fenti zai iya gyarawa.

Sai a koyi sa masa ruwa, domin a nan ake faɗuwa. Fentin da ya kai girman ƙwayar gyaɗa, ɗigo ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma a cuɗa da wuƙar haɗa fenti sosai kafin burushi ya taɓa. Idan kina tsoma burushi a kwalba kina kai shi kan fenti kai tsaye, abu uku za su faru. Launin zai yi fari-fari yana jiƙe, musamman masu duhu irin French Ultramarine da Burnt Umber, sannan ya koma duhu bayan ruwan ya tashi, don haka abin da idonki ya auna ba shi za ki tarar gobe ba. Fentin zai yi danƙo a faranti da zarar ruwan ya fara tashi, burushi ya riƙa ja yana maƙalewa. Idan kuma ruwan ya yi yawa ƙwarai, man da ke riƙe garin launin zai yi ƙaranci, shafin ya bushe ba ƙarfi, ki goga yatsa ya biyo ki kamar alli. Maganin duka shi ne ruwan tsinkawa na kamfanin, Artisan Thinner, wanda ba ya saurin tashi kamar ruwa kuma ba ya sa launi yin fari. Ƙaramar kwalba mai mililita 75 tana daɗewa. Ruwa a bar shi ga wanki da siririn shafin farko na tsara zane. Wadda ta sayi fentin ba ta sayi wannan kwalba ba, rabin kayan ta saya.

Tsohuwar ƙa'idar fentin mai tana nan daram: kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa maiƙo. Na farko da ɗan ruwa ko Thinner, na tsakiya yadda ya fito daga bututu, na ƙarshe da ɗigon Artisan Painting Medium, ruwan haɗi mai ƙara maiƙo, ko man linsid nasu. Idan aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan watanni zanen ya tsattsage. Ana iya shimfiɗa ƙasa da akirilik a ɗora Artisan a kai bayan ya bushe, wannan ma dabara ce mai rage kwanaki, amma akirilik a kan mai ɓamɓarewa yake. Farin zink kuma a taƙaita shi ga ɗan haɗi a shafin sama, domin yana ƙara gautsi da tsufa.

Burushin gashin alade, wanda aka saba da shi a fentin mai, yana kumbura ya yi laushi idan ya daɗe a ruwa, bakinsa ya baje. Na gashin roba mai ɗan tauri shi ya dace, kuma da yawa daga cikinmu dama sun fi samun natsuwa da shi. Guda huɗu sun isa farawa: mai faɗi babba da matsakaici, mai baki kamar farce, da siriri na layi. Wanki kuwa, a fara goge fentin a tsumma har ya kusa ƙarewa, a ɗauraye a kwalbar farko, sannan a murza a sabulun sanda a tafin hannu da ruwa mai ɗumi har kumfa ta fito fara. Ruwan sanyin Disamba ba ya sakin mai, tafasasshe kuma yana narkar da gam ɗin da ke riƙe gashin. Omo yana busar da gashi, a bar shi. Duka wankin bai wuce minti goma ba, kuma ana iya yin sa a wurin wanke hannu.

Abin da ake zane a kai yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Al'adar ɗalibai ita ce shafe kyalle da fentin bango na emolshan da aka dama da farin gam irin Top Bond. Don gwaji da koyo babu damuwa. Amma irin wannan ƙasa takan shanye man da ke cikin fenti, sai ki ga wasu wurare suna sheƙi wasu sun dushe, kuma Artisan da aka sa wa ruwa ya fi nuna wannan aibi. Aikin da za a sayar a shafa masa jeso na akirilik, wato farin shafin shirya ƙasar zane, sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe. Ga mai ƙaramin yaro mun fi son katakon filawud mai kaurin milimita 6, kafinta ya yanka shi santimita 20 da 25 ko 30 da 40, a shafe gaba da baya don kada ya lanƙwashe. Ƙaramin allo ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu, yana shiga akwati, kuma yatsa ko abin wasa ba ya huda shi kamar kanbas. A shirya guda shida a rana ɗaya da aka sami mai riƙe yaro, don kada lokacin zane ya tafi a shiri.

Launuka takwas sun isa, kada kwalin saiti mai yawa ya ja ki. Titanium White babban bututu, tunda shi ke fara ƙarewa, sai Cadmium Yellow Pale Hue, Yellow Ochre, Cadmium Red Hue, Permanent Alizarin Crimson, French Ultramarine, Burnt Sienna da Burnt Umber. Ga mai zana ƙasar Filato wannan ya wadatar. Ultramarine da Burnt Sienna da fari suna ba da duk tokar duwatsun Shere da na Riyom, mai ɗumi ko mai sanyi gwargwadon wanda ya rinjaya. Sienna da ɗan ja da Ochre su ne jar ƙasar bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru. Koren damina yana fitowa daga rawaya da Ultramarine, ya fi koren bututu kama da gaskiya. Phthalo Blue yana da kyau ga ruwan tafkin, amma ɗigonsa yana rina hannu da zani da duk abin da ya taɓa, gara a jinkirta shi har yaro ya daina kama kaya. Masu rubutun ayoyi da zanen dagi za su so ƙara baƙi, kuma Ivory Black ya fi Lamp Black sauƙin sarrafawa a haɗi.

Yanayin Jos yana da nasa hali a kan wannan fenti. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma yana rage saurin ƙanƙamewar mai. Busasshiyar iskar hunturu ruwan kawai take ɗaukewa, sai fuskar zanen ta dushe cikin sa'a ɗaya kamar ta bushe, alhali ƙarƙashinta ɗanye ne. Nan ne ake taɓawa a ɓata aiki. Umber yana bushewa wajen kwana biyu, fari da Ochre da Ultramarine wajen biyar, Alizarin ya fi haka, a cikin sanyi kuma ki ƙara musu kwanaki. Ƙura ita ce ɗaya matsalar, duk abin da ya sauka a kan ɗanyen fenti ya zauna ke nan. A lokacin marka, Yuli da Agusta, zane yana daɗewa da ɗan danƙo, kuma kanbas da aka jingina da bango mai laima yana yin fumfuna ta baya. Akwai Fast Drying Medium a jerin, kamfanin ya ce yana rage lokacin bushewa da kusan rabi, kuma yana aiki, sai dai yana sa fenti saurin kamewa a faranti, don haka a haɗa shi da abin da za a shafa a lokacin kawai.

Wannan jinkirin bushewa shi ne inda Artisan bai taimaki uwa da komai ba. Ɗanyen zane na mako guda a gida mai yara sai an yi masa gida. Abin da ya fi aiki shi ne akwatin katako da kafinta zai yi wa tsagi a ciki, tazarar santimita 2 tsakanin kowane, yadda alluna za su shiga a tsaye ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe gabansa da ragar sauro don iska ta shiga ƙura ta ragu, a kafe shi a bango sama da kafaɗar babba, nesa da gado ko kujerar da yaro zai taka. Kada a kulle zane a cikin wadirob mai duhu. Man linsid yana yin rawaya idan ya bushe a duhu, farin girgije ya koma ruwan ƙwai. Idan hakan ta riga ta faru, a ajiye shi 'yan kwanaki a wuri mai hasken rana amma ba a cikin ranar ba, yawanci farin yana dawowa.

Zane da goyo a baya yana yiwuwa a watannin farko, a tsaye, tunda babu tururin da zai shaƙa, kuma ɗan jijjigar da uwa ke yi tana matsawa gaba da baya takan sa shi barci. Daga wata biyar zuwa shida hannu ya fara miƙewa ta gefen zani, sai a sa hannayen a ciki ko a haƙura sai ya kwanta. Ki ware riga ɗaya ta aiki mai dogon hannu, ki tuɓe ta kafin shayarwa, domin fentin da ya taɓa ƙirjin riga bakin jariri zai nufa. A wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce, kada a riƙe burushi da baki, kada a ci abinci a kan teburin, kuma kada a goge busasshen fenti da sanfefa a cikin ɗaki. Ta fuskar alwala ma ya fi sauƙi. Akirilik yana bushewa a fata ya zama siririyar leda da ke hana ruwa shiga, sai an kankare, fentin mai na gargajiya kuma sai da kananzir. Artisan yana fita da sabulu da ruwa mai ɗumi a wanki ɗaya ko biyu, don haka kiran sallah ba ya zama dalilin fasa zama.

Ragowar fenti a faranti kada a zubar. A yi haɗi a kan fale-falen tayil ko gilashi da zai shiga robar abinci mai murfi, wadda aka yi wa alama aka raba ta da kicin har abada. A rufe, yawancin launuka suna kai kwana biyu zuwa uku, Umber ne ke riga mutuwa. Wasu suna ajiye faranti a firiza, amma ba mu goyi bayan fenti kusa da abincin yara ba, ga wutar ma ba tabbas.

Inda ya gaza kuwa a bayyane yake. Ƙarfin launinsa bai kai na babban jerin kamfanin na ƙwararru ba, ya fi kusa da Winton, fentin mai na gargajiya mai rahusa na kamfanin, don haka wadda ta saba da fenti mai tsada za ta ji launin yana saurin suma idan ta haɗa da fari. Wasu launuka suna fitowa da tauri daga bututu, sai an cuɗa su da ɗigon mai kafin su yi santsi. Cobra na kamfanin Royal Talens na Holan, wanda shi ma yana karɓar ruwa, ya fi shi laushi a hannu, idan an same shi. Sai tsada. Kaya ne na waje, farashinsa yana bin canjin kuɗi, kuma tun faɗuwar naira a 2023 komai irinsa ya yi sama. Ya fi fentin Marie's na Sin da ɗalibai suka saba da shi tsada nesa ba kusa ba.

Wadda aljihunta bai kai ba, akwai mafita da ya kamata a faɗa ko da ba ta yi wa Artisan talla ba. Fentin mai na gargajiya ana iya aiki da shi ba tina ba kananzir: a shafa shi yadda ya fito ko da ɗigon man linsid, a goge burushi a tsumma tsakanin launuka, a ƙarshe a narkar da ragowar da man gyaɗa sannan a wanke da sabulu. Sharaɗin shi ne man gyaɗar ya fita tas, domin ba ya bushewa, idan ya shiga zane wurin zai zauna da danƙo. Abin da za ta rasa shi ne siririn shafin farko da saurin wanki. Ana kuma iya gauraya tsofaffin bututu da Artisan, amma gwargwadon yawan na gargajiyan, gwargwadon yadda haɗin zai daina karɓar ruwa.

Wajen saye a buɗe ido. Ba kowane shagon kayan rubutu da zane a kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko Abuja a aiko ta tasha, kuma kwalaben Thinner da Medium sun fi fentin wuyar samu, don haka a tambaye su tun farko kafin a biya kuɗin launuka. Winton da Artisan kamfani ɗaya ne, mai shago da bai san bambanci ba zai iya miƙo wannan a madadin wancan. A nemi rubutun Water Mixable Oil Colour a jikin kowane bututu, idan oda ce a ce a turo hotonsa ta WhatsApp. A latsa bututun a hankali, wanda ya yi tauri kamar dutse ya daɗe a kanta ko murfinsa ya sha iska. Ɗan mai da ya fara fitowa kafin launi ba aibi ba ne, a tsane shi a takarda. Idan ana shakka, a ɗiga ruwa a kan ɗan fentin a murza da yatsa a cikin leda: na gaske zai narke ya gauraya, na gargajiya zai bar ruwan yana gangarewa gefe.

Mai karɓar aikin kuɗi, hoton amarya ne ko rubutun aya na sabon gida, ta faɗa wa mai aiki gaskiyar lokaci tun ranar ciniki. Zane mai shafi uku a wannan fenti yana son mako uku kafin ya yarda a naɗe shi a sa a mota, a cikin sanyi ko marka har fiye. Aikin da ake so jibi, a yi shi da akirilik. Banish kuma, wato shafin ƙarshe mai kare zane, ba a shafa shi sai zanen ya yi wata 6 zuwa 12, gwargwadon kaurin fentin, idan aka yi gaggawa yana haɗewa da fentin yadda ba za a iya cire shi nan gaba ba. Jerin Artisan yana da nasa banish, mai sheƙi da marar sheƙi da matsakaici, wanda shi ma ba ya buƙatar tina. A rubuta ranar gamawa da fensir a bayan allon, a gaya wa mai saye ya dawo da shi idan lokacin ya cika, a shafa siriri sau biyu da burushi mai faɗi, kwana ɗaya tsakani, a ranar da ba ƙura.